Kunnen Kawu

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Mu nan da sauƙi, bari in lissafa miki. Kakarki ƙafar ce dai, ta kumbura har takalmi ba ya shiga, amma bakin lafiya lau, tun safe take faɗa da kaji. Yayarki ta warke daga zazzaɓin. Jaririnta ya fara haƙori, duk abin da ya samu sai baki, jiya murfin birona ya tauna. Matar kawunki jininta ya hau makon jiya, ya sauka. Ni ban da bayan nan da kika sani babu komai. Kawunki jikinsa ƙalau, sai dai abinci ba ya shiga, kuma saboda shi na zauna rubutu.

Kada ki ce me ya hana ni kira. Na kira sau huɗu, kina taro. Kuma kin san gidan nan, ko tari ka yi a ɗaki sai an yi maka sannu daga tsakar gida. Takarda kuwa ba ta da murya. Direban motar safe zai kawo miki.

Mutanenku na babban ofis sun zo masana'antar kwali inda kawunki yake. Su uku, kowa da kati a wuya da kwamfuta a hannu. Kwana huɗu suna kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a ɗakin cin abinci. Wadda ta yi wa kawunki tambayoyi ba ta kai ki shekaru ba. Wai ta ce masa, "Baba, ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?" Ya ce, "A gaban injin yanka mana, 'yata, in da rai. Shekara ashirin da uku ina nan, ina kuma zan je?" Ta yi murmushi ta rubuta. Murmushin nan ne ya tsaya masa a rai.

Ana cewa za a kawo sababbin injuna, cikin mutum sittin, ashirin za su tafi gida. Ana kuma cewa a sashenku na kula da ma'aikata ake tsara sunayen.

Kin san kunnensa. A ɗaki shiru, in yana kallon bakin mutum, yana kama magana, shi ya sa yarinyar ba ta gane komai ba. Amma a cikin ƙugin injuna ba ya jin ƙararrawar da ake kaɗawa kafin wuƙa ta sauko. Abokin aikinsa Bahago ne kunnensa. Su biyun a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ɗaya suke tsayawa, da ƙararrawa ta kaɗa sai Bahago ya buga ƙafa sau biyu, kawunki ya ji a tafin ƙafarsa ya janye hannu. Shekara shida ke nan, ko ƙwarzane bai taɓa yi ba. In aka sallame shi, wa zai ɗauki mutum mai shekara hamsin da biyu da ba ya ji?

Auta, ba sai na tuna miki ba. A gidansa muke tun rasuwar babanki. Ƙanena ne, amma shi ya zame mana uba. A bayan kekensa kika fara zuwa makaranta, kina kuka kina riƙe da rigarsa. Ki duba min takardar nan, ko sunansa yana ciki. In yana ciki ki san yadda za ki yi.

Mahaifiyarki.

*

Inna,

Na ga wasiƙarki. Ina lafiya, aiki ne ya yi yawa. Ki yi wa Kaka sannu, a riƙa ɗora mata ƙafar a kan matashi.

Tun ranar da aka fara wannan aikin na sanar a rubuce cewa ina da ɗan'uwa a masana'antar, aka cire hannuna daga duk abin da ya shafe ta. Haka dokar wurinmu take. Ban ga sunayen ba, kuma ko na gani ba ni da ikon faɗa.

Don Allah kada ki yi komai, kada ki yi magana da kowa. Kawu ya ci gaba da zuwa aiki kamar kullum. Akwai abin da kika rubuta da bai kamata ya hau takarda ba, kin san shi. Na yaga wasiƙar.

Gobe za mu fita zagayen rassa, zan jima ban dawo ba.

Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Kowa yana nan yadda na bar miki shi, sai dai jaririn ya ƙara da gudawa.

Wasiƙarki ta zo. Na karanta sau uku, na juya bayanta ko akwai saura, babu. Ni da na fara riƙe biro ina da shekara hamsin a ajin manya na cika miki shafi biyu, ke mai digiri layi goma kika iya.

Na gane abin da kika ce bai kamata ya hau takarda ba. Maganar keke ce da zaman gidansa. Kin ɗauka gori nake miki. Wallahi ba gori ba ne. Wanda ya goya ka ba ya cewa ka biya shi, amma in ya gaji ai ka miƙa masa kujera. In na ɓata miki rai ki yi haƙuri, sai dai yaga wasiƙar uwa ba abin da zan so in ji ba ne. Kwana biyu na yi ina rubuta ta.

Kin ce an cire hannunki. To bakinki fa, shi ma an cire? Wadda take shugabarku ba mutum ba ce? Ba za ki iya shiga ki gaishe ta ki ce ga halin da ake ciki ba? Babanki lokacin da aka so a mayar da shi wani reshe mai nisa ina da cikinki, ofishin manaja ya shiga ya cire hula ya faɗi gaskiya, aka bar shi. Ban san lokacin da faɗin gaskiya ga babba ya zama laifi ba.

Jiya Bahago ya biyo kawunki gida bayan an tashi. Suna zaune a ƙofar ɗaki ina jin su. Bahago ya ce, "Kai tsoho, in aka kore ka ni wa zan riƙa yi wa rawa?" Kawunki ya ce, "Ka yi wa sabon injin, an ce shi har magana yake." Bahago ya ce, "To ai ya fi ka, kai magana kake ba ka ji." Suka yi dariya, amma da na kawo musu abinci kwanon kawunki yadda na ajiye haka na ɗauke.

Kawunki ya tambaye ni ko kin ce wani abu. Na ce kin ce a kwantar da hankali. Ya ce, "To, Yaya, tunda Auta ta faɗa." Kin ga nauyin da kika ɗora min.

Ki amsa.

Mahaifiyarki.

*

Auta,

Yau kwana goma sha tara ban ji daga gare ki ba. Direban ya ce ya ba mai gadin gidanku waccan wasiƙar, ya ce kin yi tafiya. Wayarki in ta shiga sai ta katse. Kakarki an kai ta asibiti an matse ruwan ƙafar, ta dawo. Sauran lafiya.

An sa ranar karanta sunaye, ƙarshen watan nan. Mutum biyu daga ɓangaren manne kwali tuni sun fara neman wani aikin. Kawunki ya rame har ya ƙara wa bel ɗinsa huji.

Tunda ke an ɗaure miki hannu, ni ba a ɗaure nawa ba. Zan faɗa miki abin da na yi, kuma ina ganin za ki ji daɗi, don na sauke miki kaya.

Mutanenku da za su tafi sun bar wani akwati shuɗi a bakin ƙofar masana'antar, da babbar takarda a samansa. Ranar da na kai wa kawunki maganin mura na tsaya na karanta da kaina, ba wanda ya taya ni. An rubuta, "Muna sauraronku. Ma'aikaci ko iyalinsa, faɗi damuwarka, za ta isa hannun shugabar kula da ma'aikata kai tsaye." Na tambayi mai gadi ko gaske ne. Ya ce duk Juma'a ake zuwa a kwashe, sai dai bai taɓa ganin wanda ya saka komai ba ban da bawon lemo. Na ce a raina, mutane an buɗe musu ƙofa sun tsaya suna kuka a waje.

Sau uku na sake rubutawa kafin ta yi kyau. Na gaishe ta da girmamawa. Na faɗa mata shekara ashirin da uku bai taɓa makara ba, ranar da aka haifi ɗansa na fari ma sai da ya ƙarasa aikin yini. Na faɗa mata ya shiga masana'antar nan da kunne biyu lafiyayyu, ƙugin injinsu ne ya cinye su a hankali, bai taɓa kai ƙara ba, bai taɓa neman komai ba. Na ba ta labarin Bahago da bugun ƙafa, don ta san irin mutanen da take da su, masu riƙe juna ba tare da an sa su ba. Na ce mutumin da ya ba ku kunnensa bai kamata a ce masa jeka gida ba. A ƙarshe na ce in tana shakka ta tambayi 'yata, tana nan a ƙarƙashinta, ta san komai, kunya ce ta hana ta magana.

Na karanta wa kaina da na gama har na yi hawaye. Duk mai zuciya in ya karanta zai tausaya. Ban faɗa wa kawunki ba, ina so sai abin ya yi kyau ya ji.

Tun Alhamis waccan na jefa ta. In shugabar ta kira ki kada ki ji tsoro, ki ce eh, uwata ce.

Mahaifiyarki.

*

Inna,

Na dawo shekaranjiya na tarar da wasiƙunki biyu wurin mai gadi. Kafin in buɗe su an riga an kira ni ofishin shugaba. Wadda kika jefa a akwati tana kan teburinta.

Ba maganar keke nake nufi ba, Inna. Yaushe zan ji haushin keken Kawu? Maganar kunnen ce. Na ji tsoron in rubuta kalmar ma, kada takardar ta faɗa hannun wani. Laifina ne, da na fito miki fili. Na yi ta juya wannan a raina tun jiya.

Bari in gaya miki yadda akwatin nan yake. Duk takardar da ta shiga sai an ba ta lamba, an ɗauki hotonta, an shigar da ita kwamfuta kafin shugaba ta gani. Mutum huɗu ne suka karanta taki kafin ita. Ba ta da ikon yagawa, ba ta da ikon ta ce ba ta gani ba. Kuma daga ranar da kamfani ya sani a rubuce cewa mutumin da ke gaban wuƙa ba ya jin ƙararrawa, dole a ɗauke shi daga wurin a gwada shi. In suka bar shi ya yanke hannu, ita za a kama.

Na roƙe ta a mayar da shi sito ko bakin ƙofa. Ta ce waɗannan guraben su aka fara rufewa. Ta ce kuma kowace shekara Kawu yana sa hannu a fom cewa ji da ganinsa lafiya, fom shida suna cikin fayil ɗinsa. Bahago ma za a tambaye shi. Ni an tambaye ni ko na sani, na ce na sani. An ba ni takardar tuhuma, amma bar wannan, nawa mai sauƙi ne.

Akwai abin da na yi niyyar ɓoye miki, na ga in ban faɗa ba za ki ji a wani bakin. Sunan Kawu ba ya cikin ashirin ɗin. Shugaba ce ta faɗa min da kanta. A duk ɓangaren yanka shi ne na biyu a maki. Har an sa shi cikin waɗanda za su koyi sabon injin, wanda da fitila yake gargaɗi, ba da ƙararrawa ba. Wata uku ya rage a kawo shi.

Ta ce in gaya miki shekararta goma sha ɗaya a wannan aikin ba ta taɓa karanta wasiƙa irin taki ba. Na ga idonta ya kawo ruwa. Sannan ta sa hannu a takardar gwajin.

Ba a faɗa wa ma'aikaci wanda ya rubuto, wannan ma doka ce. Daga wurinmu ba zai ji ba.

Ban san me zan ce miki ba, Inna. Ki ci abinci.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Kakarki da sauƙi. Jaririn ya warke. Matar kawunki tana kwance tun Asabar. Ni ina tsaye.

Wasiƙarki a tasha na karanta ta, a kan bencin masu jiran mota. Ban iya tashi ba sai da mai sayar da ruwa ta ce, "Mama, lafiya?" Na ce bayana ne.

An yi wa kawunki gwajin ranar Litinin. Ya ce wani ƙaramin ɗaki aka sa shi, aka rufe masa kunnuwa da abin sauraro, aka ba shi maɓalli aka ce in ya ji ƙara ya danna. Babu bakin da zai kalla. Ya ce sai ya riƙa dannawa jefi-jefi ko Allah zai sa ya dace. Mai gwajin ta buɗe ƙofa ta ce, "Baba, ban kunna ba tukuna." Da yake ba mu labarin dariya ya yi, shi kaɗai.

Tun ranar bai koma ba. Amma ƙarfe shida yake shiryawa kamar kullum, ya sa takalmin aiki, ya zauna a ƙofar ɗaki har rana ta iso ƙafarsa, sannan ya cire. Jiya ya kwance ƙofar kicin ya sake ɗaurawa, ba abin da ya same ta.

Abin da ya fi damuna shi ne Bahago. Kawunki ya ce a duk masana'antar mutum ɗaya ne ya san sirrin, don haka mutum ɗaya ne zai iya kai shi. Wai Bahago ya ga ana rage mutane ya sayar da shi don ya tsira. Shekaranjiya Bahago ya zo, shi ma da tasa takardar tuhumar a aljihu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tsoho, dube ni. Wallahi ba ni ba ne. Dubi bakina ka gani." Kawunki ya juya fuskarsa bango. Kin san mutumin da da ido yake ji, in ya juya maka fuska ya rufe ƙofa ke nan. Bahago ya yi ta magana shi kaɗai, ya gaji. Da zai fita ya same ni ina wanki, ya ce, "Yaya, ke ce babba, ki gaya masa. Shekara shida ƙafata ta hagu har ta fi ta dama kauri saboda shi." Na ce to. Ban ɗago kai ba.

An aiko wa kawunki da takarda, shafi uku. Ya kira ni ɗakinsu ya miƙo min, ya ce, "Yaya, ke ce malamar gidan yanzu, karanta min, waɗannan ƙananan baƙaƙen sun fi ƙarfina." Na karanta masa a hankali yana kallon bakina. Hanya biyu suka ba shi. Ko ya sa hannu cewa shi ya ajiye aiki da kansa saboda lafiya, a ba shi haƙƙinsa na shekarun da ya yi, magana ta mutu. Ko ya ƙi, a kafa kwamiti a kan fom shidan nan, a kira Bahago ya ba da shaida, kuma in aka same shi da ɓoyewa zai iya fita hannu rabbana. Ban ga hanya ta uku ba, na duba har bayan takardar.

Da na gama ya karɓi takardar. Sai ya ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya kai ni." Matarsa daga kan gado ta ce amin. Suka dube ni su biyu. Auta, na ce amin.

Ba na neman ki da ki yi wa kowa magana kuma. Na daina. Abu biyu kawai nake tambaya, ki ba ni amsa dalla-dalla, kada ki taƙaita, kada ki ce na san abin da kike nufi, don ban sani ba.

Na farko, ya sa hannu ko kada ya sa? In ya sa, za a ƙyale Bahago? Yana da 'ya'ya biyar.

Na biyu, in faɗa masa kafin ya sa hannun ko bayan? Faɗa dai zan faɗa, ba zan bar bawan Allah yana ɗauke da kayana ba. Amma na rasa ta ina zan fara. Ba abu ne da zan faɗa da sauri in wuce ba, sai na tsaya a gabansa cikin haske, yana kallon bakina, in faɗi kalma ɗaya-ɗaya, wataƙila ma ya ce in maimaita. Kuma a gidansa nake kwana, ni da kakarki.

Ki ba direban amsa kafin Laraba, zan jira shi a tasha. Alhamis ƙarfe goma ne za a sa hannun, kuma ya ce ni zan raka shi, wai ni kaɗai ya yarda da ita ta karanta masa abin da aka rubuta.

Mahaifiyarki.